Yadda ake yi da magen da aka tsinto in tana abu kamar wadda ta bugu

Magen da ta sa na koyi duk wannan abin a kango aka tsinto ta, irin kangon nan da aka fara gini kuɗi suka ƙare aka bar shi shekara da shekaru har ya koma majalisar 'yan shaye-shaye. Ƙanina ne ya shigo da ita cikin kwalin taliya bayan magariba, 'yar budurwar mage ce fara mai ɗigon baƙi a kunne, ba za ta wuce wata bakwai ko takwas ba. Da aka sauke ta ta yunƙura za ta yi tafiya sai tangaɗi kamar yaron da ya gama juya-juya, baƙin tsakiyar idonta ya buɗe ya cika idon gaba ɗaya duk da ga fitila tana haska ta, miyau yana dalala, in cokali ya faɗi a kicin sai ta zabura kamar an harba bindiga, can kuma ka ga ta ƙura wa bango ido ko ƙiftawa ba ta yi. Umma tana leƙowa ta ce "ku fitar min da abar nan daga gida, wannan ai ba mage ba ce." Ƙanin nawa ya ce "wallahi Yaya hayaƙin wiwi suke busa mata a fuska suna dariya, na sha ganinsu." To daga wannan daren zuwa kwana goma ga yadda ake bi da ita, wasu abubuwan likitan dabbobi ne ya nuna min, wasu kuma sai da na yi kuskure tukuna.

Abu na farko, kuma shi mutane suka fi tsallakewa saboda tausayi: kar ka taɓa ta da hannu tsirara. Mage da ba ka san tarihinta ba, tana dalalar miyau, tana tangaɗi, halinta ya juye, to kafin ka ce ƙwaya ce ka fara sa ciwon haukan kare a ranka, don ba kare kaɗai yake kamawa ba, mage ma tana ɗauka kuma tana sa wa mutum ta cizo, ko ta miyau in ya shiga ciwo ko ido ko baki, har ta yaƙushi tunda kullum tana lasar faratanta. Alamominsa da na buguwa sun yi kama sosai a ranar farko. Ka sa safar hannu mai kauri, irin ta masu walda ko masu gini, ba 'yar siririyar nan ta asibiti ba da haƙori ɗaya zai huda ta, ka jefa mata babban tawul ko bargo ka naɗe ta ka ɗauka. Yara su matsa gaba ɗaya, ba wani "bari in shafa ta kaɗan". In kuma ta riga ta ciji wani ko ta yaƙushe shi, a bar maganar magen tukuna, a kai shi famfo a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 cif, a duba agogo don minti 15 ya fi tsawo yadda mutum yake zato, a shafa aidin ko sifirit, sannan a tafi asibiti ranar a faɗa musu mage ce ta titi kuma ba ta cikin hayyacinta, su fara allurar riga-kafi. Kar a ce bari mu ga yadda za ta kwana. Ciwon nan in alamarsa ta bayyana a jikin mutum an gama. Ko babu shi ma cizon mage mugu ne, haƙorinta siriri ne kamar allura yana cusa ƙwayoyin cuta can ciki, cikin kwana ɗaya sai ka ga hannu ya kumbura ya yi ja.

Na biyu, ka ware mata wuri. Ɗaki ƙarami ko banɗaki busasshe ko sito, mai ƙofa da take rufuwa, ba haske sosai, ba rediyo, ba kusa da janareta ba. Dabbar da wani abu ya taɓa wa ƙwaƙwalwa ƙara da haske suna ƙara birkita ta, wani lokacin ma su ne suke tayar mata da jijjiga. Ka kwashe duk abin da za ta iya hawa ta faɗo, ka fitar da bokitin ruwa, don mage mai tangaɗi tana iya faɗawa ciki ta kasa fita. Ka shimfiɗa tsumma a ƙasa, ka kifa kwali ka yanke masa ƙofa ta samu maɓoya, ka ajiye ruwa a faranti mara zurfi da yashi a tsohuwar roba don bayan gida. In akwai wasu maguna ko kare a gidan kar su haɗu ko ta ƙarƙashin ƙofa. Zafi ma abin dubawa ne, in lokacin bazara ne kar ka kulle ta a ɗakin da kwano yake gasa shi, wasu ƙwayoyin da kansu suna ɗaga zafin jiki, ga na gari ya haɗu, sai ta tafi. In ka ji kunnuwanta da tafin ƙafarta sun yi zafi rau tana haki, jiƙa tsumma da ruwan randa ka ɗora mata a ƙafafu ka kunna fanka, banda ruwan ƙanƙara. In kuma sanyi ƙalau ka ji ta, musamman da hunturu, ka zuba ruwan ɗumi a gorar roba ka naɗe da tsumma ka ajiye gefenta yadda za ta iya matsawa in ya ishe ta.

Na uku shi ne inda aka fi kashe su, wato ɗure. Duk gidan da ka shiga za a ce a ba ta manja, a ba ta madara, a jiƙa gishiri a ɗura mata ta amayar, wani ma ya ce tsamiya ko ruwan kanwa. Ni ma har na ɗauko manjan, Allah ya taimaka na kira likita kafin in buɗe mata baki, ya ce "Malam don Allah ajiye." Dalilin a fili yake in ka tsaya ka yi tunani: dabbar da ba ta iya tsayawa da ƙafarta ba ta iya haɗiya daidai ba, abin da ka ɗura sai ya bi ta huhu, ka ga ta tsira daga guba ta mutu da ciwon huhu bayan kwana uku. Sannan abu irin na wiwi da magungunan ƙwari da yawa a cikin mai suke narkewa, ka zuba manja ko madara ka ma taimaka musu su shiga jiki da sauri. Ruwan gishiri shi kansa guba ne a jikin da bai wuce kilo 3 ba. Mage ba a sa ta amai a gida, ko a asibiti allura ta musamman ake yi mata, shi ma sai in bai wuce awa ɗaya zuwa biyu da cin abin ba kuma tana cikin hayyacinta. Gawayin da ka ji ana cewa yana tsotse guba ba na murhu ba ne, wani ne da aka sarrafa na asibiti, kar ka daka na girki ka ce ai gawayi gawayi ne.

Kuma don girman Allah kar ka ba ta Panadol. Wannan sai na maimaita, kar ka ba mage farasitamol ko ɓari ko kwata ko na ruwa na jarirai. Hantar mage ba ta da isasshen sinadarin da yake sarrafa shi kamar ta mutum, sai ya juya ya lalata jinin ya kasa ɗaukar iska, ƙwaya ɗaya ta miligiram 500 ta isa ta kashe babbar mage. Haka ibufurofen da daikulofenak, su kuma ƙoda da ciki suke ci. Mutum da zuciya ɗaya yana ganin tana shan wahala ya ce bari in rage mata raɗaɗi, shi kenan. Abu ɗaya da na yarda a sa a baki shi ne in 'yar jaririya ce da yunwa ta kayar, ta yi laushi tana rawar jiki, sai ka dangwali zuma ko ruwan sikari da audugar goge kunne ka shafa mata a dasashi, shafawa kawai ba ɗurawa ba, kuma ba da yatsa ba.

Na huɗu, ka zauna ka kalle ta ka rubuta. Ɗauki waya ka yi mata bidiyo tana tafiya, tana zaune, da fuskarta kusa-kusa, ka rubuta ƙarfe nawa. Wannan bidiyon ya fi duk bayanin da za ka yi da baki, don sau da yawa kana isa gaban likita tsoro ya sa ta ƙame ta daina abin da take yi, ka koma kamar mai ƙarya. Ka ƙirga numfashinta tana kwance, kana kallon haƙarƙari yana ɗagawa yana sauka, mage lafiyayya tana yin 20 zuwa 30 a minti, in ya haura 40 tana hutawa akwai magana, in kuma ta buɗe baki tana haki irin na kare to wannan ba na jira ba ne, mage ba ta haki haka kawai. In ta yi hamma ko kuka ka leƙa launin dasashi da harshe daga nesa: ja-ja mai haske shi ne daidai, fari fat rashin jini ne, shuɗi-shuɗi ko ruwan ƙasa kamar cakuleti mummunar alama ce. Awon zafi ta dubura ka bar wa likita, mage mai firgici ba za ta tsaya maka ba, amma ka san cewa nata na lafiya wajen 38 ne zuwa 39 da ɗan kai, ya fi na mutum, kar ka ji ta da ɗumi ka ce zazzaɓi ne. Ka sunsuna tawul ɗin da ka naɗe ta, warin wiwi ne, na fiya-fiya, na kananzir ko fetur, na sholisho? Sannan a tura wani babba, ba yaro ba, ya koma inda aka tsinto ta da rana ya ɗauki hoton abin da yake zube a ƙasa, fankon ƙwaya, kwalaben sirof, guntayen naɗi, ledar maganin ɓera. Mu a namu kangon abin da aka gani ya isa a buɗe kemis.

Yanzu ga yadda ake ɗan karanta alamomin, ba don ka zama likita ba, sai don ka san irin gudun da za ka yi.

Wiwi, ko hayaƙi ko ta ci guntu, tangaɗi ne da buɗaɗɗen ido da miyau, da wannan zaburar in an taɓa ta ko an yi ƙara, tana gyangyaɗi tana farkawa a firgice, jiki yana iya yin sanyi, wani lokacin fitsari ya zubo ba ta sani ba. Na hayaƙi cikin mintoci yake kama ta, na ci yakan ɗauki rabin awa zuwa 'yan awanni, kuma yana iya kai kwana ɗaya har uku kafin ya sake ta gaba ɗaya. Yawanci suna tashi in an kula da su. Tiramol da kodin kuwa akwai abin mamaki, mutum ko kare in ya sha irinsu idonsa tsukewa yake yi ya yi barci, mage sau da yawa akasin haka take yi, ido ya buɗe, ta kasa zama, tana zagaye tana kuka, jiki ya yi zafi, in ya yi yawa sai karkarwa da jijjiga ko numfashi ya yi ƙasa. Ka tuna tiramol ɗin da yake yawo a hannun yaran nan ba irin na asibiti ba ne mai miligiram 50 ko 100, mai 200 ne da 225, alhali likitan dabbobi in zai ba mage shi 'yan miligiram kaɗan yake aunawa a kan kowane kilo, ka ga ɓarin ƙwaya ɗaya ya ninka abin da jikinta zai ɗauka sau da yawa. Kodin na sirof tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da yin sa amma kowa ya san kwalaben ba su ɓace daga kwata ba. Wani abu da ya tsaya min a rai da likita ya faɗa shi ne mage harshenta ba ya jin zaƙi sam, kuma ta tsani ɗaci, don haka da wuya ta je ta sha sirof ko ta tauna ƙwaya don ra'ayin kanta, in ka ga ya shiga cikinta to ko ɗura mata aka yi, ko a abinci aka cusa, ko ya zube a gashinta ta lashe garin wanka.

Masu sa barci irin su diyazefam da Roche, laushi ne da barci mai nauyi da jan ƙafa, amma wata magen sai ya juye mata ta hau hauka, wata kuma ta kama ci kamar ba gobe. Diyazefam na baki yana da wani sharri a mage, yana iya lalata hanta bayan 'yan kwanaki, shi ya sa ko ta farka garau ka ci gaba da duba fararen idonta da cikin kunne ko sun koma rawaya. Ƙwayar Exol da tsiron zaƙami, wanda ake ce wa haukata-yaro, su ma ido suke buɗewa amma bakin bushewa yake yi ƙayau maimakon miyau, zuciya tana bugawa da sauri, jiki zafi. Wannan bambancin na jiƙaƙƙen baki da busasshe ka riƙe shi, likita zai tambaye ka.

Sai dai fa a gaskiya, mage goma da za a kawo a ce "ta sha ƙwaya", ni zato na ya fi tafiya kan gubar da take cikin gidajenmu na mutanen kirki. Fiya-fiya da Sniper da ake yayyafawa a lungu, mage ta taka ta lashe ƙafa: miyau kamar an buɗe famfo, hawaye, zawo, fitsari, tsoka tana motsi a ƙarƙashin fata, numfashi da ƙyar, kuma galibi baƙin idon tsukewa yake yi ya koma ɗan tsinke. Wannan na gaggawa ne, akwai allurar atirofin da take karya shi in an kai da wuri. Maganin kaska da ƙuma na karnuka mai sinadarin famatirin shi ma kisa yake a mage, za ka ga kunne da fuska suna fizga, sai karkarwa ta gama jiki. Sai allurar aibamektin da wani mai sayar da maganin shanu zai zuƙo da ido ya danna wa 'yar mage wai maganin tsutsa, ta koma tana tangaɗi ido a buɗe kamar makauniya. Sai maganin ɓera, wani irinsa nan take yake kayarwa, wani kuma mai tsinka jini sai bayan kwana 3 zuwa 5 yake nuna kansa, mage ta yi fari tana haki jini yana zuba ta ciki, kai kuma kana murna ta warke. Shi da farasitamol su ne mayaudara. Farasitamol in ka ga fuska da ƙafafun gaba sun kumbura, dasashi ya yi ruwan ƙasa, fitsari ya yi duhu, ka tashi ko tsakar dare ne, yana da makari amma lokaci yake bi.

Na biyar, wanka, amma da sharaɗi. In akwai wari ko maiƙo ko wani gari a gashinta to duk lasar da ta yi ƙara sha take yi, dole a cire shi. Sharaɗin shi ne ba ta jijjiga, tana iya ɗaga kai, kuma ku biyu ne da safar hannu. Ruwa mai ɗumi-ɗumi, sabulun ruwa na wanke kwanuka irin Morning Fresh don shi yake yanke maiƙo, a cuɗa a ɗauraye sau biyu ko uku, a kiyaye ido da hanci da cikin kunne, a tsane ta sosai da tawul don jiƙaƙƙiyar mage nan da nan sanyi yake kama ta. Banda Dettol, banda Izal, banda kananzir, su kansu guba ne gare ta. In ta ƙi yarda tana neman cizo, ko jikinta yana rawa sosai, kar ka yi kokawa da ita, naɗe ta a tawul yadda bakinta ba zai kai jikinta ba ka tafi da ita haka, can za su kwantar da ita su wanke.

Na shida, zuwa wurin likita. Ni shawarata duk magen da aka tsinto a wannan halin a kai ta, amma akwai waɗanda ba a jira gari ya waye: jijjiga da ta wuce minti 5 ko take dawowa a kai a kai, haki da baki a buɗe, dasashin da ya canza launi, kumburin fuska, barcin da ka taɓa ta da sanda ba ta motsa ba, amai ba tsayawa, jini ta ko'ina. In jijjiga ta kama ta a gabanka kar ka danne ta kar ka sa mata komai a baki, ba ta haɗiye harshenta, matsar da kaya kawai ka rage haske ka duba agogo. Wajen ɗauka ka sa ta a kwando mai murfi ko kwali mai ƙarfi da aka huda, ka ɗaure da igiya ka rufa zani a kai, ba buhu ba, kuma kar ka riƙe ta a hannu cikin adaidaita sahu, hon ɗaya za a yi ta yage ka ta dire a tsakiyar titi. Ka yi waya tukuna ka tambaya ko suna duba karnuka da maguna, don asibitocin dabbobi da yawa a wajenmu aikinsu ya fi karkata kan shanu da tumaki da kaji. In kana kusa da Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri, jami'o'in Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo da ta Maiduguri duk suna da asibitin koyarwa na dabbobi, sauran jihohi kuma akwai na gwamnati a manyan garuruwa da masu zaman kansu. Mai shagon maganin dabbobi a kasuwa ba shi nake nufi ba.

In ka je ka faɗi gaskiya tsirararta. Wannan ya fi shafar wanda abin a gidansa ya faru, ɗan gidan ne ya yar da ƙwaya ko yake busa hayaƙi a ɗaki da magen a ciki, sai kunya ta sa a ce "wallahi haka kawai muka gan ta." Likitan dabbobi ba jami'in NDLEA ba ne, sunan abin yake nema da ƙarfe nawa da kamar guda nawa, don makarin tiramol daban, na fiya-fiya daban, na farasitamol daban, na maganin ɓera bitamin K ne na makonni, in ka ɓoye sai ya yi ta lalube a duhu. Ka miƙa masa fankon da hotunan da bidiyon. Kar kuma ka sa ran za a ɗebi jini a ce maka ga sunan ƙwayar, akwai 'yan tsinken gwajin fitsari na mutane da akan gwada amma a dabba suna iya nuna babu alhali akwai, musamman wiwi. Yawancin aikin tallafa wa jiki ne har ya fitar da abin da kansa, ƙarin ruwa, allurar tsayar da karkarwa ko jijjiga, maganin amai, daidaita zafin jiki. Tamu ruwa aka sa mata da allura ɗaya, ya ce mu koma gida mu rufe ta mu ƙirga kwanaki.

Na bakwai, ƙirgar. Wannan ita ce take raba gardama. Buguwa kullum raguwa take yi, yau ta fi jiya, cikin kwana 1 zuwa 3 ido ya dawo daidai yana tsukewa in an haska, tafiya ta miƙe, ta fara lasar jikinta tana gyara gashi, wanda a wurina shi ne babbar alamar mage ta dawo. Ciwon hauka kuwa gaba yake yi, miyau ya ƙaru, murya ta canza, muƙamuƙi ya saki, ƙafafun baya su mutu, ko ta dinga kai wa komai cizo har ƙarfe, kuma daga fara alama da wuya ta wuce kwana 10 a raye. Shi ya sa ake tsare ta kwana 10 cur ba mai taɓa ta da hannu tsirara. In ta mutu a ciki kar a jefa ta bola kar a binne a yi shiru, a kira likitan, kanta ake yankewa a kai gwaji, cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da take Vom a jihar Filato tana yin wannan, kuma duk wanda ta taɓa ciza ko miyaunta ya taɓa masa ciwo ya tafi asibiti. In ta wuce kwana goman lafiya to cizon da ta yi a baya ba shi da haɗarin, amma ita a yi mata allurar riga-kafi, daga wata 3 ake fara yi musu.

Abinci a kwanakin nan sai ta iya zama daram ta riƙe kanta. Fara da kaɗan, dafaffen naman kaza ko dafaffen kifi da aka cire ƙaya, ba gishiri ba magi ba albasa ba tafarnuwa, albasa tana fasa musu jini. Ɗan ɗumi-ɗumi ya fi jan hancinta. In ta kai kwana biyu ba ta ci komai ba ka koma wurin likita, mage ba ta jure azumi, kitse yake taruwa ya toshe mata hanta.

To in an yi sati biyu, uku, ta warke a jiki amma har yanzu tana abu wani iri fa? A nan mutane suke cewa ai ta saba ne, jaraba ce take damunta, har na ji wanda ya ce a ɗan busa mata kaɗan ta samu sauƙi. A'a. Dabbar da aka daɗe ana ba ta irin su tiramol jikinta yana iya sabawa ta yi 'yan kwanaki tana rawar jiki da rashin natsuwa in an yanke, wannan likita ne zai lallaɓa shi, amma abin da ya fi yawa tsoro ne zalla. Magen da aka riƙe wa wuya aka busa wa hayaƙi, aka jefe ta, aka ɗaure mata gwangwani a wutsiya, ba za ta yarda da hannun mutum cikin sati ɗaya ba. Maganinsa ka dinga shiga kana zama a ƙasa nesa da ita kana danna wayarka ba ka kallonta, abinci a kan lokaci ɗaya kullum, kar ka janyo ta daga maɓoya, in kun haɗa ido ka lumshe naka a hankali ka kau da kai, ita za ta zo da ƙafarta.

Akwai kuma abubuwan da ba ruwansu da guba ko tsoro. Mace da ta kai wata 5 ko 6 in ta fara birgima a ƙasa tana wani irin kuka da dare kamar jariri, tana ɗaga gindi tana kauda wutsiya gefe, muzuru take nema, sati guda ne ya lafa ya dawo bayan sati biyu ko uku, mutane da yawa sun kai irin wannan asibiti a guje suna cewa ta haukace. In kai ya karkace gefe ɗaya tana zagaye wuri guda ido yana rawa, a duba cikin kunne. In tangaɗin ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, tana ci tana wasa, kai yana ɗan rawa in za ta sa baki a kwano, wataƙila da shi aka haife ta, wata cuta ce take kama uwar da ciki ta hana wani sashen ƙwaƙwalwar 'ya'yan girma, irinsu suna rayuwarsu lafiya a cikin gida. Wadda kuma aka daɗe ana ba ta ɗanyen kifi kaɗai tana iya rasa bitamin B1, wuya ya lanƙwashe haɓa ta taɓa ƙirji. Ga buguwar mota ko jifa a ka, wanda ido ɗaya yakan fi ɗaya buɗewa.

Tamu a rana ta uku da safe na shiga na tarar ta zauna a kan kwalin tana wanke fuska da hannu, idon ya koma siririn layi, ta kalle ni ta yi min huci irin na lafiyayyar mage mai jin haushi, wallahi ban taɓa jin daɗin huci irin na ranar ba. Ta cika kwana gomanta, aka yi mata riga-kafi da maganin tsutsa, bayan wata biyu aka yi mata aikin hana haihuwa. Ƙanina ya sa mata suna Kango, sunan ya bi ta. Umma da ta ce a fitar da ita yanzu ita take ɓoye mata kan kifi a ƙarƙashin murfin tukunya, amma duk ƙwayoyin hawan jininta sun koma cikin gwangwani mai murfi a saman wadirof, fiya-fiya kuma an daina shigo da ita gidan. Abu ɗaya ne bai bar magen ba har yau, in aka ƙyasta ashana ko laita a kusa da ita, ko turaren wuta za a kunna, sai ta shige ƙarƙashin gado, ba ta fitowa sai hayaƙin ya washe.